Bayan an samu lasisin kantin magani, me doka ke nema kuma?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin kantin magani ciki da bai. Idan mutum ya samu lasisin buɗe kanti, ya kuma samu famasis mai rajista da zai kula da shi, me ya rage ta fuskar doka? Ana cewa samun lasisi shi ne mai sauƙi, wahalar tana gaba. Na fi son bayani kan littafin magungunan da ake kullewa irin su mofin, da maganar firij, da yadda ake yi da maganin da wa'adinsa ya ƙare. Sannan shekara nawa ake ajiye takardu? Wani ya ce biyu, wani ya ce biyar. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara gyara lissafin tukuna, don lasisin ba guda ɗaya ba ne. Kusan a kowace ƙasa doka na bin abu uku, mutum da wuri da kaya, kuma sau da yawa ba hukuma ɗaya ce ke riƙe da su ba. A Birtaniya GPhC ce ke yi wa famasis da kantinsa rajista, MHRA kuma ta ba magani izinin shiga kasuwa. A Amurka kowace jiha da hukumarta ta famasi, FDA na kula da magani, sannan kantin da zai taɓa magungunan kulle sai ya yi wata rajista daban, wadda ake sabuntawa duk shekara uku, da DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A Najeriya PCN, hukumar famasi, ke da mutum da wuri, NAFDAC ke da kaya. Inda ake zamewa shi ne kowace takarda da ranar mutuwarta. Lasisin aikin famasis kan ƙare alhali na kanti yana nan da ransa, kuma daga wannan rana duk maganin likita da aka miƙa wa mutane, a idon doka ba mai izini ne ya miƙa shi ba.

Lasisin wuri kuwa a ɗaure yake da adireshi. Ka koma shagon da ke jikin naka, ko ka fasa bango ka ƙara ɗaki, ko famasis mai kula ya ajiye aiki aka ɗauko wani, ko aka sayar da kantin, duk sai an sanar da hukuma, wani lokaci ma sai an sake zuwa an duba. Ɗakin ajiya a wani gida da ba ya cikin taswirar da aka amince da ita laifi ne mai zaman kansa, ko da kayan da ke ciki halas ne tas.

Sai tsohuwar cutar sana'ar: takardar shaidar famasis na rataye a bango, mai ita yana can wani wuri yana wani aikin. Sufeto ya san wannan wasan fiye da masu yin sa, shi ya sa ba ya aiko da sanarwa. A Birtaniya har an ƙayyade cewa famasis mai alhakin kanti ba ya wuce awa biyu a waje cikin awa 24, kuma sai ya rubuta lokacin fitarsa da na dawowarsa.

Kan kaya, kada a sayi ko ƙwaya ɗaya sai daga ɗan sari mai lasisi, kuma a karɓi kwafin lasisinsa a ajiye. Kowace takardar kaya ta nuna sunan magani, ƙarfinsa, yawansa, lambar rukunin da aka haɗa shi a ciki, da ranar ƙarewar wa'adi. Wannan lambar rukunin mutane na raina ta, alhali ita kaɗai ce igiyar da ake bi idan an janye magani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki jabu ne ko marar inganci. A Oktoban 2022 ta fitar da gargaɗi kan wasu sirof huɗu na tari da mura na yara da aka samu a Gambiya, gurɓatattu da sinadaran da ke kashe ƙoda. Irin wannan sanarwa da sunan kaya da lambar rukuni take zuwa. Kantin da bai rubuta lambar ba lokacin karɓar kaya, ba shi da yadda zai ce ya sayar ko bai sayar ba.

Batun shekaru, duk su biyun sun faɗi gaskiya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan magunguna masu sa maye ta ce a ajiye bayanai aƙalla shekara biyu, ta 1971 ma haka. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kowace ƙasa kuma tana iya ƙarawa. A Birtaniya littafin magungunan kulle shekara biyu ne daga ranar rubutu na ƙarshe a cikinsa, amma littafin da ke nuna wane famasis ne ke da alhakin kanti a kowace rana shekara biyar ne. Hukumar haraji da kamfanonin inshorar lafiya su ma suna da nasu wa'adin. Ka nemo mafi tsawo cikin waɗanda suka shafe ka, ka bi shi a kan komai, ka huta.

Mai Riƙon Makulli

Malam Tsohon Hannu ya gama da lasisi, bari in tsaya kan littafin kulle, don a nan ne ƙaramin sakaci kan kai mutum gaban alƙali.

Da farko ka san me ke shiga littafin. Yarjejeniyar 1961 ta sa mofin da fetidin da fentanil da metadon a jadawali na ɗaya cikin jerin da ta kasa magungunan, kodin a na biyu. Ta 1971 ta ɗauki masu taɓa ƙwaƙwalwa, inda dayazifam da fenobabiton suke jadawali na huɗu, fentazosin a na uku. Amma kada ka ɗauki lambobin nan ka yi aiki da su, domin kowace ƙasa da nata jadawalin, kuma lambobin ba sa dacewa da juna. Mofin da ke jadawali na ɗaya a yarjejeniya, a Amurka da Birtaniya yana na biyu. Jerin ƙasarka shi ne abin bi, kuma yana canjawa.

Littafin ɗinkakke ake so, mai lambar shafi, wanda idan an yagi takarda za a gane. Ko kuma na kwamfuta da hukuma ta yarda da shi, wanda ke ajiye sawun duk gyaran da aka yi da wanda ya yi. Kowane magani da shafinsa, kowane ƙarfi da nasa, kowane nau'i da nasa. Allurar mofin mai miligiram 10 ba ta haɗa shafi da mai miligiram 15, balle da ƙwaya. A ɓangaren shigowa a rubuta rana, sunan ɗan sari da adireshinsa, da yawa. A ɓangaren fita a rubuta rana, sunan marar lafiya da adireshinsa, likitan da ya rubuta, yawa, da wanda ya zo ya karɓa. Bayan kowane layi a fitar da ragowa. Misali, akwai kwalaben allura 30, an kawo 50, ragowa 80. An ba da 10, ragowa 70. Ɗaya ta faɗi ta fashe, to ita ma layinta daban, da sa hannun wanda ya gani, ragowa 69. A rubuta a ranar da abin ya faru. Dokar Birtaniya ta yi sassauci zuwa washegari, daga nan babu ƙari. Masu tara takardun mako guda su zauna ranar ƙarshe su cike littafi da biro ɗaya da hannu ɗaya, kallo ɗaya sufeto zai yi wa shafin ya gane.

Kuskure kuwa ba a goge shi, ba a shafa masa farin ruwan gyara, ba a maimaita rubutu a kansa. Ana barinsa yadda yake ana iya karantawa, a yi bayani a gefe ko a ƙasan shafi, da rana da sa hannu. Littafi mai gyare-gyare da aka bayyana ya fi wanda babu ko tabo samun yarda, tun da duk wanda ya yi aikin ya san ba a shekara ba kuskure.

Wurin ajiya akwatin ƙarfe ne mai kulle, a kafe shi a bango ko a ƙasa daga ciki, yadda ba za a ɗauke shi ɗungurungum ba. Ba a sa kuɗi ko wayar wani a ciki, domin duk ƙarin dalilin buɗe shi ƙarin hannu ne a kan makulli. Makullin yana jikin famasis. Idan yana rataye a ƙusa bayan kanta, akwatin da babu duk ɗaya.

A ƙirga abin da ke cikin akwati a gwada da littafi a kai a kai, mutum biyu, ɗaya na ƙirga ɗaya na dubawa. Dokar tarayya ta Amurka ƙirgar gaba ɗaya take nema duk shekara biyu, amma wanda ya tsaya a kan wannan kaɗai, ranar da giɓi ya bayyana wata ashirin da huɗu zai tona. Mako-mako ya fi. Na ruwa sun fi rikici: kamfanoni kan ɗan ƙara kaɗan a kwalba, awo kuma kan ɗan ci, saboda haka a daidaita lissafi duk lokacin da kwalba ta ƙare, a rubuta rarar ko giɓin. Rara ma abin tambaya ce, don tana iya nufin an tauye wa wani marar lafiya.

Takardar likita ta maganin kulle sai an duba ta da ido biyu: sa hannu, rana, adireshin likita, nau'i da ƙarfi, yadda za a sha. A Birtaniya jimillar yawan sai an rubuta ta da lamba da kuma kalmomi, domin mayar da 10 ta koma 100 sifiri ɗaya ne, kuma takardar kwana 28 take yi ta mutu. A Amurka ba a maimaita bayarwa a kan takardar jadawali na biyu, na uku da na huɗu kuma iyakarsu sau biyar cikin wata shida. Idan ana shakka a kira likitan, amma da lambar da aka nemo daga wani wuri, domin mai ƙirƙirar takardar jabu lambar abokinsa yake bugawa a kai.

Uwar Firij

Sannunku da ƙoƙari. Firij digiri 2 zuwa 8 ne a ma'aunin Salsiyus, kowa ya haddace wannan. Abin da ba a cika kula ba shi ne sanyi ya fi zafi ɓarna a ɓoye. Insulin da ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke ya koma kamar ba abin da ya same shi. Haka rigakafin da ke da sinadarin alminiyam a ciki, irin na ciwon hanta nau'in B da na tetanus. Firij irin na gida yana da wuraren da ke sauka ƙasa da sifiri, musamman jikin bangon baya da kusa da gidan ƙanƙara, ƙofarsa kuma ta fi ko'ina ɗumi. Don haka magani a tsakiya yake zama, cikin kwalinsa, da sarari tsakani don iska ta zaga. Babu abinci, babu ruwan sha na ma'aikata.

Ma'aunin da ake so shi ne mai riƙe mafi sama da mafi ƙasan da aka kai. A karanta aƙalla sau ɗaya kowace ranar aiki, a rubuta lambobi uku, na yanzu da mafi sama da mafi ƙasa, a sa hannu, sannan a danna maɓallin sake farawa. Wannan dannawar ita ake mantawa, sai ka ga takardar wata guda da lamba iri ɗaya daga sama har ƙasa. Takarda mai 5, 5, 5 kwana talatin shaida ce cewa ba wanda ya duba. Na'urar da ke naɗar zafi da kanta dare da rana ta fi, don ita ke gaya maka awa nawa firij ya yi a waje da iyaka. Ita ma a kai ta a gwada daidaitonta, galibi shekara-shekara, a ajiye takardar gwajin.

Ɗakin kanti shi ma yana da iyaka. Kwalaye da yawa an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, saboda haka a rataye ma'auni a ɗakin ajiya, a ɗaga kwalaye daga ƙasa, a nisanta su da rana da laima.

Wa'adi: wanda zai riga ƙarewa shi ke gaba a kanta, ko da shi ne ya zo daga baya. A raba kanti kashi-kashi a bi da duba yadda kowane lungu zai samu zagaye cikin wata uku, a manna alama a kan duk abin da ya rage masa wata shida. Idan kwali ya nuna wata da shekara kawai a matsayin ƙarewa, ana nufin ranar ƙarshe ta watan. A kuma yi lissafin tsawon shan: ba a ba mutum maganin wata uku wanda saura masa mako shida.

Wanda ya ƙare a sauke shi nan take, a sa a keɓaɓɓen wuri mai rubutu ɓaro-ɓaro. Sufeto ya same shi a kan kanta, ɗauka zai yi na sayarwa ne, kuma "yanzu za mu cire" ba ta karɓuwa. A yi jerinsa da suna da lambar rukuni da yawa, a miƙa wa hukuma ko kamfanin da ke da izinin lalatawa, a karɓi takardar shaida. Ba a zuba a bola, don ana tsincewa a sake buga rana a mayar kasuwa. Ba a zuba a magudana, ba a kuma ƙona a fili, domin ƙonawar da ta dace tana buƙatar tanderu mai tsananin zafi. Maganin kulle da ya ƙare yana nan a cikin akwati da cikin littafi har ranar da za a lalata shi a gaban shaidar da doka ta yarda da shi. Maganin da marar lafiya ya dawo da shi kuwa ba ya komawa kanta ko da ba a ɓare shi ba, tun da ba wanda ya san inda ya kwana.

Sabon Shiga

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. Idan an ƙirga aka ga littafi ya ce 69 amma akwati 68 ne, me ake yi? Kuma idan wuta ta ɗauke cikin dare aka tarar da firij a kan digiri 14, zubar da komai za a yi?

Uwar Firij

A'a, kada a zubar, kada kuma a sayar. A mayar da kayan cikin sanyin da ya dace, a rubuta musu "a dakata", a fitar da mafi girman zafin da aka kai da tsawon lokacin, sannan a tambayi kamfanin kowane magani ɗaya bayan ɗaya, a nemi amsar a rubuce. Juriyarsu ta bambanta nesa ba kusa ba. Insulin da yawa kan yi kusan kwana 28 a zafin ɗaki, amma daga nan wa'adinsa ya koma na kwanakin nan, ba wanda ke jikin kwali ba. Wasu rigakafin ba su da wannan sararin. Idan ba a san awa nawa aka yi ba, a ƙirga daga karatu na ƙarshe da aka rubuta mai kyau, kuma a nan ne mai karanta ma'auni sau biyu a rana yake tsira da kayansa.

Mai Duba Kanti

Kan 69 da 68, ɗan'uwa, abin da ba a yi shi ne a gyara lambar ta koma 68 a yi shiru. A sake ƙirgawa da mutum na biyu. A bi lissafin shafin layi-layi tun daga ƙirgar ƙarshe da ta yi daidai, don yawancin giɓi kuskuren ragi ne. A gwada kowace takardar likita da kowace takardar kaya da abin da aka shigar. A leƙa shafin ɗaya ƙarfin, sau da yawa a can aka rubuta. A duba jakunkunan da aka haɗa ba a zo an karɓa ba, da bayan akwatin. In an gano, a yi bayani a gefe da rana da sa hannu. In ba a gano ba, a rubuta giɓin yadda yake a kai rahoto. A Amurka sata ko babbar asara sai an sanar da DEA a rubuce cikin ranar aiki ɗaya da ganowa, a kuma cike fom mai lamba 106. Kwalba ɗaya da aka kai rahotonta abu ne da ake bincike a wuce. Wadda aka ɓoye aka gano daga baya, ita ke cin lasisi.

Ina da ɗan ƙari kan maganar Mai Riƙon Makulli. Tiramadol da ketamin ba sa cikin jadawalin yarjejeniyoyin nan, amma ƙasashe da dama sun kulle su da dokarsu. Birtaniya da Amurka duk a 2014 suka sa tiramadol ƙarƙashin kulawa. Akwai kuma yarjejeniya ta uku, ta 1988, wadda ta shafi sinadaran da ake haɗa miyagun ƙwayoyi da su, ciki har da efedirin da sudo'efedirin na maganin mura. Shi ya sa a Amurka ba a sayar wa mutum ɗaya fiye da giram 3.6 a rana ko giram 9 cikin kwana 30, a Birtaniya kuma miligiram 720 na sudo'efedirin ne iyakar sayarwa ɗaya ba da takardar likita ba. Yaron kanti da bai san wannan ba zai miƙa kwali biyar yana murna ya yi ciniki.

Yadda duba ke gudana ba wani sirri ba ne. Sufeto kan zaro kwali ɗaya daga kanta ya ce a kawo takardar sayensa. Ko ya zaro takardar likita ɗaya daga tari ya bi ta zuwa littafi, daga littafi zuwa akwati. Sai ya ja ƙaramin ma'aikaci gefe ya tambaye shi me zai yi idan aka zo neman maganin kashe ƙwayoyin cuta ba takarda, ko idan famasis ba ya nan. Rubutattun ƙa'idojin aiki da ke cikin fayil, in amsar yaron ta saɓa musu, ba su da amfani. Saboda haka kowane ma'aikaci ya karanta su ya sa hannu da rana, a kuma sabunta su idan aiki ya canja.

Abu biyu da ba a ambata ba. Rahoton illar magani: tsarin duniya na tattara shi ya fara a 1968 bayan bala'in talidomaid, maganin da ya sa aka haifi jarirai da nakasa, cibiyarsa tana Ufsala a Suwidin, kuma abu huɗu kawai rahoto ke buƙata, marar lafiya, mai rahoto, maganin da ake zargi, da abin da ya faru. Ba sai ka tabbatar maganin ne ya jawo ba, zargi ya isa. Sai sirrin marasa lafiya. Littafin takardun likita ba ya zama a buɗe a kan teburin ciniki, allon kwamfuta ba ya fuskantar masu jira, lakabin da ya lalace mai ɗauke da suna a yayyaga shi kafin a jefar, kuma kowane ma'aikaci ya shiga kwamfuta da sunansa da lambar sirrinsa, don idan biyar na amfani da guda ɗaya ba yadda za a yi a san wanda ya taɓa lissafin kaya.